Me Ya Sa Manhaja Ke Ƙin Hawa Wata Wayar?

A Filinge da ƙauyukan Kurfai, ba kowa ke sauke manhaja daga intanet ba. Data da tsada, don haka ana turawa ne daga waya zuwa waya ta Xender. Sai ka ga manhajar da ke aiki sumul a Samsung ɗin wani ta ƙi hawa ƙaramar Itel ɗin maƙwabcinsa. A ɗora wa wayar laifi, alhali lafiyarta ƙalau.

Ƙwaƙwalwar kowace na'ura da harshen da take ji. Yawancin kwamfutoci x86 ne, irin na Intel da AMD. Wayoyi kuwa ARM ne, shi ma iri biyu: mai bit 32 da mai bit 64. Kwamfaila, kamar GCC, ita ke juya rubutun mai haɗa manhaja zuwa harshen da aka zaɓa. Shi mai haɗawar ba komai yake rubutawa da hannunsa ba, yana aro daga laburare, wato guntayen aikin da wasu suka riga suka gama.

A nan gizo ke saƙar. Laburaren ARM da na x86 sunansu ɗaya, cikinsu daban, kuma a tsarin kwamfuta na Linux an saba tara laburare a jaka ɗaya, /usr/lib. In kwamfaila ta ci karo da wanda ba na harshenta ba, sai ta tsallake shi, ta ce ba ta samu ba, ga shi kuwa a gabanta.

Don magance wannan, cikin masu haɗa nau'o'in Linux, Red Hat ta raba gida biyu, lib da lib64, dabarar da ba ta wuce iri biyu. Ta Debian ta fi hangen nesa: kowace ƙwaƙwalwa da jakarta mai sunanta, kamar /usr/lib/aarch64-linux-gnu. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta fara amfani da tsarin a 2011, Debian 7 ta fito da shi a 2013. Tsofaffin kwamfailoli dai sun sha wuya, don ba su san sabuwar hanyar ba. Har wani fayil mai suna crti.o suka riƙa nema suna rasawa, sai an nuna musu hanya da saitin LIBRARY_PATH.

Android ma haka take, jakar armeabi-v7a daban, ta arm64-v8a daban. Tun Agustan 2021 Google Play ya wajabta wa sababbin manhajoji tsarin da ke ba kowace waya rabonta kaɗai. Ƙananan wayoyi da yawa kuwa har yanzu bit 32 suke ji, abin da aka turo musu daga babbar waya babu nasu kason a ciki.