Tanadin Hatsi a Cikin Birni: Yadda Laima Ke Cinye Buhu

Da zarar kaka ta yi, wato daga watan Oktoba zuwa Disamba, sai magidantan cikin birnin Kano su fara zirga-zirga zuwa kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina, ko kasuwar Rimi, domin sayen gero da dawa da masara da wake tun suna da araha. Lissafin ba shi da wuya. Buhu guda yana cin tiya 40, kimanin kilo 100 ke nan. Gidan da ke cin tiya 2 a kullum zai cinye buhu cikin kwana 20, saboda haka yana bukatar buhu 9 kafin ya ga bayan wata 6. Wannan dukiya ce mai yawa, kuma sau da yawa ana buɗe buhun ƙarshe a tarar da gari da ƙwari a maimakon ƙwaya.

Manomin karkara yana da rumbu, inda yake jibge dammunan gero ba tare da ya sussuka ba, kuma zangarniya takan shekara biyu ko fiye a haka ba ta yi komai ba. Mutumin Jakara ko Yakasai ko Mandawari ba shi da filin gina rumbu. Tsabar hatsi yake saye, wadda aka riga aka sussuka aka sheƙe, ya kai ta wani ɗaki ko lungun soro ya jingine. Ƙwayar da aka raba da zangarniyarta ta rasa rigarta, don haka kiyaye ta ya koma wuyan mai gida da uwargida.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara fahimta shi ne, ƙwayar hatsi abu ne mai rai. Tana numfashi, tana shan iskar oksijin, tana fitar da ɗumi da tururin ruwa. In ta bushe sosai, numfashin yakan yi ƙasa ƙwarai har ya zama kamar barci. In kuwa da sauran ruwa a jikinta, sai numfashin ya ƙaru, tsakiyar buhu ta ɗauki zafi, zafin nan da laima su gayyato fumfuna da ƙwari, su kuma su ƙara nasu zafin. Masana ajiyar amfanin gona sun nuna cewa gero da dawa da masara suna zama lafiya in ruwan da ke cikinsu bai wuce kashi 13 cikin 100 ba. Gyaɗar da aka ɓare kuwa, saboda man da ke cikinta, sai ta sauko zuwa kashi 7 ko 8.

Ta yaya za a gane haka ba tare da na'ura ba? Iyayenmu sukan ciji ƙwaya. In ta ce ƙas ta fashe, ta bushe. Akwai kuma gwajin da kowane malami zai iya yi a aji. A sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi ya kai sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, ruwan hatsin ya haura kashi 15 cikin 100, sai a mayar da shi shanya.

Nan ne hunturu ke yi mana rana. Iskar da ke kaɗowa daga Sahara a Disamba da Janairu busasshiya ce ƙwarai, laimarta takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga sanyin dare da ke rage wa ƙwari kuzarin hayayyafa. Lokacin da leɓe ke tsagewa shi ne lokacin da hatsi ya fi samun lafiya. Jarrabawar tana zuwa ne daga baya, da zafin bazara a Maris da Afrilu, sa'an nan damina, lokacin da bango da daɓe ke tsotsar ruwa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin kwano sanyi da rana, amma ko a cikinsa kada a ajiye buhu a kan daɓe. A ɗora shi kan katako, a bar tazarar taki guda tsakaninsa da bango, don iska ta zagaya kuma a riƙa ganin sawun ɓera da gara.

Wake ya fi kowane tanadi ba da wahala. Ƙwaronsa, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, tun daga gona yake biyo shi. Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwaya, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ciki, ta ci, ta girma, ta fito bayan mako 3 zuwa 4 ta bar rami. Waken da ya yi kyau a ido ranar saye yana iya zama rariya cikin wata uku. Tsofaffi sukan cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka ko rairayi, kuma dabarar tana da tushe, domin tana cike gurbin da ƙwaro zai yi motsi ya sadu da ɗan'uwansa. Barkono da ganyen darbejiya kuwa, a ganina an fi ba su girman da ya wuce aikinsu, don ba sa isa ga tsutsar da ke cikin ƙwaya.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a hana ƙwaron iska. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100. In aka cika jarka ko duro da busasshen wake aka toshe bakinsa sosai, ƙwarin da kansu za su shanye ɗan oksijin da ya rage, su daina ci, su mutu. A kan wannan hikima masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Sharaɗinsa dai kada leda ta huje, kuma kada a yi ta buɗewa. Wanda za a ci a wata a ware shi daban.

Wannan ya fi zuba maganin ƙwari nesa ba kusa ba. Ƙwayar maganin da ke fitar da iskar fosfin guba ce mai kisa, an yi ta ne don ƙwararru a manyan ɗakunan ajiya, ba don gidan da yara ke kwana kusa da buhu ba, balle a cikin birni inda ɗaki ke jingine da ɗaki. Maganin feshi mai sinadarin dikulobos shi ma ba na abinci ba ne. Samun sa fiye da ƙima a cikin wake ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya a 2015.

Fumfuna ta fi ƙwaro haɗari, domin ɓarnarta ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Wani nau'inta mai suna Aspergillus flavus, mai son gyaɗa da masara, yana fitar da gubar afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Burazil. Gubar tana jawo sankarar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ƙwayar da ta canja launi, ko ta yamutse, ko take ɗaci, a tsince ta a zubar, kada ma a ba kaji.

Kayan miya ba su da wannan rigima. Kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da daddawa, in sun bushe ƙayau, rufaffen mazubi kawai suke so. Albasa ce ke son a baza ta inda iska ke ratsawa. Garin gero kuwa kada a tara shi. Niƙa yana fasa ƙwaya ya haɗa manta da iska, shi ya sa cikin 'yan kwanaki garin ke sauya ƙamshi ya fara ɗaci. A bar geron a tsabarsa, a riƙa kai na kwana biyu ko uku inji.