Fitsarin Jini Ba Alamar Girma Ba Ce

A bara wani dattijo daga wani ƙauye na ƙasar Roni ya kawo mana ɗansa mai shekara 19. Fuskarsa da ƙafafunsa sun kumbura, fitsarinsa ya ragu ƙwarai. Da na tambayi ko ya taɓa fitsarin jini, sai uban ya ce: "Malama, ai wannan tun yana yaro ne, kuma duk sa'anninsa sun yi." Hoton ciki ya nuna hanyoyin fitsarinsa sun toshe, ƙodojinsa biyu sun kumbura. Tsargiya ce da aka yi shekaru ba a kula da ita ba.

A yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, yara na wanka da kamun kifi a dam da kududdufai, manya kuma na noman rani cikin ruwa. Nan ne tsutsar tsargiya take. Tana girma a jikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. Daga nan ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke raunata mafitsara, shi ya sa ake ganin jini a ƙarshen fitsari. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, cutar ta koma kan wani.

Idan aka daɗe ba magani, raunin kan zama tabo ya matse bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda. Ƙarshensa ƙoda ta gaza, sai wankin ƙoda. Wasu kuma kan kamu da ciwon dajin mafitsara. A wajen mata, tana jawo ƙaiƙayin gaba, fitar ruwa da zubar jini bayan saduwa, har a ɗauka ciwon sanyi ne.

Idan kun zo asibiti, za mu tambaye ku inda kuke wanka da wanki, da launin fitsari, da yawansa, da ko akwai zafi. Kada ku ji kunyar faɗa. Za mu auna hawan jini, mu danna ƙafa mu duba kumburi, mu tsoma tsinken gwaji a fitsari, domin yana gano jinin da ido bai gani. Fitsarin da aka kama tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwan cutar.

Maganinta ƙwayar praziquantel ce, ana bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon mutum, a sha bayan an ci abinci. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara daga shekara 2, da masu shayarwa, da masu cikin da ya wuce wata uku. Sai dai maganin bai hana sake kamuwa. Don haka iyaye ku bar yara su karɓa duk lokacin da aka kawo rabo makaranta, ku hana su fitsari a ruwa.

Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa, yaro ko babba, ya je asibiti mafi kusa tun kafin kumburi ya bayyana. Allah ya ƙara mana lafiya.