Daga Iferwan zuwa Milan: sunan ƙabila a bakin alƙalamin mai kwafi

Duk wanda ya kasa kunne ga yadda mutanen Ayar suke kiran garuruwansu da ƙabilunsu, zai lura da cewa sunaye da yawa suna farawa da "i", su ƙare da "an" ko "en": Iferwan, Iwelen, Ikazkazan, Imajeghen. Wannan ita ce alamar jam'i a harshen Tamajak, kuma ɗan kasuwar da ya saba hawa hanyar Agadas zuwa Iferwan ya san da ita ko da bai taɓa zama a benci ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan alama tana nan a cikin wata doguwar waƙa ta harshen Latin da aka rubuta a birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 550 miladiyya, wato kimanin shekara ashirin kafin haihuwar Annabi (SAW). A cikin waƙar akwai wata ƙabila mai suna Ilaguas ko Laguatan, akwai kuma wata da ake rubutawa Ifuraces, ana karantawa Ifurakes. Masana da dama suna ganin wannan suna na biyu shi ne Ifoghas, ƙabilar Abzinawa da ake samu a yankin Kidal na Mali, da Ajjer, da nan Ayar.

Mai waƙar sunansa Koripus, malamin nahawu ne ɗan Afirka ta Arewa. Ya tsara ta cikin babi takwas, baiti wajen 4700, don yabon wani janar mai suna Yohana Troglita, wanda sarkin Rum Jastiniyan ya aiko daga Kustantiniyya a shekara ta 546 domin ya murƙushe boren ƙabilun Barbar. Daga sunan janar ɗin waƙar ta samo sunanta, Iohannis. Waƙar yabo ce, kuma mai yabo bai taɓa zama alƙali ba. Barbar a bakinsa mutane ne marasa amana, janar kuwa ba shi da aibi. Amma Koripus ɗan ƙasa ne, ya san wuraren, ya san sunaye, ya kawo bayanin da babu shi a wani littafi. Prokopiyus, babban masanin tarihin wannan zamani wanda ya yi rubutu da Girkanci, layuka kaɗan ya ba wa yaƙin nan. Daga Koripus muka ji yadda mayaƙan hamada suke kewaye zangonsu da raƙuma sahu takwas su zame musu ganuwa, da labarin Yarna, shugaban Laguatan kuma bokan gunkinsu Gurzil mai siffar bijimi, da Karkasan, jagoran Ifuraces, wanda ya tattara ƙabilu bayan mutuwar Yarna ya ci Rumawa da yaƙi a Marta a shekara ta 547.

To, duk wannan labari a kan kwafi guda ɗaya tak yake tsaye. Littafin da Koripus ya rubuta da hannunsa ya ɓace tun da daɗewa. An san cewa an taɓa samun kwafi a gidan ibadar Monte Kasino a Italiya cikin ƙarni na 11, wani kuma a ɗakin littattafan sarkin Hungari a Buda, wanda wani masani mai suna Cuspinianus ya gani a farkon ƙarni na 16. Dukansu biyu babu su yau. Wanda ya tsira shi ne wanda wani mawaƙi ɗan birnin Arezzo, Giovanni De Bonis, ya kwafa a ƙarni na 14, shekara ɗari takwas bayan mai waƙar. Ya yi ta kwanciya cikin littattafan gidan Trivulzio a Milan har 1814, lokacin da Pietro Mazzucchelli ya gano shi, ya buga shi a 1820. Yana can har gobe a ɗakin littattafai na Trivulziana, da lamba 686.

Ma'aikacin gwamnati ba ya bukatar dogon bayani kan illar mai kwafi. Kowa ya san wani wanda sakataren da ya rubuta masa takardar haihuwa ya sauya masa harafi ɗaya a suna, wannan kuskure ya bi shi daga lakwal zuwa lise, ya shiga dosiyensa na aiki, ya jira shi a bakin fansho. Wannan kuwa takarda ɗaya ce, mai rubutu ɗaya, a gari ɗaya. Yanzu mai karatu ya ƙaddara sunan ƙabilar hamada da ya ratsa hannun masu kwafi na shekara ɗari takwas, ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jin an furta shi. Kalmar Latin idan ta lalace, mai kwafi yakan gane ya gyara, don ya san harshen. Sunan Barbar kuwa zane kawai yake yi. Shi ya sa sunan Laguatan ya fito da kamanni iri-iri a cikin littafin guda: wani wuri da "i" a gaba, wani wuri babu, wani wuri an cusa "n" a tsakiya. Da taimakon Prokopiyus, wanda ya kira su Lewatai, da marubutan Larabci irin su Ibn Khaldun da suka san Lawata, aka tabbatar da cewa mutane guda ne. Ko sunan mai waƙar bai tsira ba. Wani kwafi na wata waƙarsa da ke Madrid ya ce Koripus, wanda aka gani a Buda ya ce Goripus, kuma masana sun rabu a kai.

Gyaran irin wannan littafi sana'a ce mai zaman kanta. Mai gyara yakan zauna da kwafin, ko da hotonsa, ya karanta harafi bayan harafi, ya rubuta abin da ya gani kafin ya fara tunanin abin da ya kamata a ce an rubuta. Daga nan ya auna kowane baiti da ma'aunin waƙa, kamar yadda malamin da ya san aruli yake jin karyewar baiti tun kafin ya gane kalmar da ta karya shi. Inda ma'auni ya ƙi, ko nahawu ya ƙi, ko ma'ana ta ƙi, sai ya nemi kalmar da za ta gyara duka ukun, wadda kuma siffarta ta yi kusa da abin da mai kwafi ya zana, har a iya cewa ga yadda idonsa ya zame. Kome ya sauya dole ya bayyana shi a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe: ga abin da kwafi ya ce, ga abin da wane ya ba da shawara a shekara kaza, ga abin da ni na zaɓa. Inda ya rasa mafita, sai ya sa wata ƴar alama mai kama da wuƙa a gefen kalmar, ma'ana wurin ya lalace, magani ya gagara. Ɗan kasuwa zai gane hikimar abin: lissafin da aka goge aka sāke ba tare da an bar sawun na farko ba, ba lissafin amana ba ne.

Wani abin lura a tarihin wannan waƙa shi ne, mafi yawan nauyin aikin samari ne suka ɗauke shi, a farkon rayuwarsu ta bincike. Josef Partsch, Bajamushe da aka haifa a 1851, yana da shekara 28 ya fitar da bugunsa a 1879, cikin jerin Monumenta Germaniae Historica, babbar ma'aikatar da Jamusawa suka kafa a 1819 don buga tsoffin littattafan tarihi. Daga baya ya zama farfesan labarin ƙasa, kuma sanin taswirar Afirka ta dā ya taimake shi a kan sunayen wurare. Michael Petschenig ya biyo baya a 1886. Bugun da ake dogara da shi tun 1970 na James Diggle da F. R. D. Goodyear ne, na jami'ar Kambirij a Ingila. Diggle yana da shekara 26 lokacin da littafin ya fito. Bayan haka sai aka koma bin waƙar babi-babi. Vincent Zarini a Faransa ya buga sharhin babi na biyu a 1997, wato babin da ke jera sunayen ƙabilu. Chiara Tommasi a Italiya ta yi na uku a 2001. Peter Riedlberger a Jamus ya yi na takwas a 2010, aikinsa na digirin dakta, shafi wajen 500 a kan baiti ɗari shida da ƴan kai, kuma shi ne ya tsaya kai da fata cewa Goripus ne sunan gaskiya.

Dalilin da ya sa aikin ke faɗawa kan samari ba ɓoyayye ba ne. Yana cin ido, yana cin shekaru, kuma babban farfesa da taro da ɗalibai suka yi wa yawa ba safai yake samun wata shida a jere na zama da kwafi ɗaya ba. Saurayi ko budurwa mai neman dakta kuwa yana bukatar wurin da zai nuna gwanintarsa, kuma littafin ƙarni na 6 da ba a gama tonawa ba ya fi masa alheri a kan manyan mawaƙan Rum da aka yi wa sharhi sau ɗari. Sai dai ladan ba shi da tabbas. Bayan dakta, abin da ke jiran mafi yawansu a Turai kwantaragi ne na shekara biyu ko uku a cikin wani shirin bincike. In ya ƙare a sāke neman wani, sau da yawa a wata ƙasa, da iyali ko babu. Kujerun dindindin kaɗan ne. Mutum yana iya kai shekara arba'in yana da littafin da za a yi shekara ɗari ana amfani da shi, alhali bai san inda albashinsa na baɗi zai fito ba.

Ayar ma ta taɓa ganin ɗaya daga cikin irin waɗannan samari. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim a ƙasashenmu, Latin da Girkanci ya karanta a Berlin, da Latin kuma ya rubuta kundinsa na dakta a 1844, a kan kasuwancin birnin Korinti na dā. Da ya fara koyarwa a jami'a ɗalibai ba su cika zuwa ba, sai ya karɓi tayin Ingila na shiga tafiyar hamada. A 1850, yana da shekara 29, ya shigo Ayar daga arewa, ya biyo ta Tin Taghoda kusa da Iferwan, ya zauna a Tintellust, ya isa Agadas a watan Oktoba. Yadda ya riƙa rubuta sunan kowace rijiya da kowace ƙabila, yana tambaya yana sāke tambaya, horon mai gyaran littafi ne.

Mu koma ga Ifuraces da Ifoghas. Hujjar masu haɗa su tana da ƙarfi ta fuskar sauti. Latin ba shi da harafin "gh" na maƙogwaro da ke cikin Tamajak, don haka marubuci zai nemi mafi kusa, kuma "r" ne. Faransawa ma, shekara dubu da ɗari uku bayan Koripus, haka suka yi: a taswirorinsu Adrar des Iforas suka rubuta. Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Ifuraces na waƙar mayaƙan ƙasa ne masu garkuwa da takobi, suna cikin rundunar ƙabilun da suka fito daga wajen Tarabulus, fiye da kilomita 1500 daga Iferwan, kuma tsakaninsu da Ifoghas na yau akwai ƙarnuka da babu takardar da ta haɗa. Suna yakan yi tafiya ba tare da dukan masu shi ba. Ƙabila takan ɗauki sunan wadda ta mallake ta ko ta aura daga cikinta. Yves Modéran, masanin Faransa da ya buga babban littafi a kan Barbar da Rumawa a 2003, ya rushe wani ra'ayi da aka daɗe ana koyarwa, na cewa Laguatan sun yi ta ƙaura da raƙumansu daga gabas zuwa yamma, kuma da sāke karanta Koripus a tsanake ya rushe shi. A ganina wannan ya isa ya sa mu yi hattara da masu ɗauko suna guda daga littafin Turawa su gina asali a kansa, musamman a wuri irin namu inda maganar wa ya riga wa zuwa ba ta tsaya a teburin masana ba.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. Waɗanda suka gyara waƙar nan gwanayen Latin ne, sunayen Barbar kuwa daga ƙamus suke nemo su. Yaron da ya tashi a Iferwan yana jin "i" da "an" na jam'i, da "t" na mace a farkon suna da ƙarshensa, tun yana goye. Abin da ya rasa shi ne Latin. Hanyar ba a rufe take ba, tun da jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar tana koyar da Latin da Girkanci tun zamanin Senghor. Sana'ar kanta ma ba baƙuwa ba ce a gare mu. Labaran sarakunan Agadas da Yves Urvoy ya buga a 1934 daga kwafin Larabci suka fito, Djibo Hamani ya sāke auna su a littafinsa na 1989 kan sarautar Ayar, kuma a cibiyar IRSH ta Yamai akwai dubban littattafan Larabci da ajami, tarin da Boubou Hama ya fara, waɗanda yawancinsu ke jiran mai zama ya gwada kwafi da kwafi.

Shi kuwa Karkasan, a shekara ta 548 ya sāke karawa da Yohana a wani fili da Rumawa ke kira Gonakin Kato. Nan aka kashe shi. Yordanes, wani marubucin tarihi na Latin na wannan zamani, ya ce shugabanni 17 ne suka faɗi a ranar. Kwafin Milan ya kawo faɗuwar Karkasan, ya fara bayanin yadda dawakin Rum suka bi masu gudu, sai rubutu ya yanke a tsakiyar kora. Ƙarshen babi na takwas bai iso gare mu ba.