Malamin Makaranta da Takarar Majalisar Tarayya a Yankin Kazaure

Malamin makarantar da ke Kazaure, Roni ko Gwiwa, idan ya yi niyyar shiga Majalisar Tarayya, kujeru biyu ne a gabansa. Ta farko ita ce ta Majalisar Wakilai, inda ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, wato Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, suka haɗu a mazaɓa guda. Abokin aikinsa na Babura kuwa mazaɓarsa daban take, domin an haɗa Babura da Garki ne. Waɗannan biyu ne daga cikin kujeru 11 da Jigawa ke da su a zauren wakilai 360. Ɗaya kujerar ita ce ta sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma, mazaɓa mai faɗi da ta ƙunshi ƙananan hukumomi 12, har da Gumel, Ringim da Maigatari.

Wannan niyya ba baƙuwa ba ce a Arewa, domin daga aji siyasar zamani ta fito. An buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 domin horar da malamai, kuma waɗanda ta yaye su ne kusan kaɗai masu ilimin boko mai zurfi lokacin da Turawa suka fara buɗe ƙofar majalisu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, har ya shugabance ta, kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Shehu Shagari ya koyar a Sakkwato da Argungu, sannan aka zaɓe shi Majalisar Wakilai a 1954.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Kazaure shi ne na Kano, tunda yankin a ƙarƙashinta yake har ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jigawa. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da kuma Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, sannan ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi jam'iyyar NEPU. A zaɓen tarayya na 1954 ya kara da Yusuf Maitama Sule na jam'iyyar NPC, wanda shi ma malami ne a Midil ta Kano. Malami ya kayar da malami, Maitama ya tafi majalisa a Legas. Sai a 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. Shekara tara ke nan tsakanin barin albashi da shiga majalisa, kuma wannan tazara ta isa ta nuna nauyin abin da mai barin alli yake ɗauka.

A yau doka ba ta hana malami takara. Sashe na 65 na Tsarin Mulkin 1999 ya nemi ɗan takara ya zama ɗan ƙasa, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Shekarun haihuwa 35 ne ga sanata, ga ɗan Majalisar Wakilai kuma gyaran da aka yi a 2018 ya rage su daga 30 zuwa 25. Duk mai takardar NCE ya wuce sharaɗin karatu nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 66, wanda ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki ko ya yi ritaya aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Malamin firamare ko na sakandaren gwamnati yana cikin wannan hukunci. Ɗan kasuwa idan ya faɗi zaɓe shagonsa na nan yana jiransa, amma malamin da ya faɗi ya rasa kujera, ya kuma rasa albashin da yake ciyar da iyali.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi komai tsanani. Gabanin zaɓen 2023, APC ta sayar da fom ɗin Majalisar Wakilai naira miliyan 10, na sanata miliyan 20, PDP kuma miliyan 2.5 da miliyan 3.5. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Fom kuwa kuɗin shiga fili ne kawai. Akwai zaɓen fidda gwani, inda a wancan zaɓen sau da yawa daliget ko masalahar manyan jam'iyya suka yanke hukunci. Akwai fasta, da man mota na zagaya ƙauyukan Gwiwa da Roni, da sallamar ejan a kowace rumfar zaɓe, ban da biki da suna da ta'aziyya da ake sa ran ganin ɗan takara da hannu a aljihu. A wancan zaɓen, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade abin da mai neman Majalisar Wakilai zai kashe a naira miliyan 70, adadin da albashin malamin firamare na tsawon shekarun aikinsa da wuya ya kai. Shi ya sa malamin da ya fito yakan nemi ubangida, kuma wanda ubangida ya ɗauki nauyinsa da wuya ya iya ce masa a'a bayan an rantsar da shi. Wannan asara ce ga jama'a, ba ga malamin kaɗai ba.

Duk da haka malami na da jarin da ba a saya. Wanda ya shekara ashirin yana koyarwa a gari guda, ɗalibansa sun zama magidanta masu katin zaɓe, iyayensu kuma sun san halinsa. Ya saba tsayawa gaban jama'a ya yi bayani a fahimta. Ya kuma san matsalar ilimi da idonsa: ajin da yara suka cika maƙil a kan tabarma, da raguwar ɗalibai lokacin damina idan aikin gona ya kankama, da 'yan matan da ake cirewa kafin su kammala.

Wannan sani yana da amfani a Abuja, domin a can ake yin dokokin da ke taɓa aji kai tsaye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Majalisar ce kuma ta zartar da dokar 2022 da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 na aiki. Ita ke amincewa da kasafin makarantun tarayya irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, kwamitocinta kuma ke da ikon bin diddigin yadda aka kashe kuɗin. Albashin malamin firamare da ɗaukar sabbin malamai kuwa suna hannun jiha da ƙananan hukumomi ta hannun hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, don haka malamin da waɗannan suka fi damunsa, majalisar jiha da ke Dutse ce ta fi dacewa da takararsa.