Damagaram: Yadda maɓalli ɗaya ke kare akwatin gem na haɗin gida daga lalacewa

A birnin Zinder, kamar a Maraɗi da Kano, gidan gem ya daɗe da zama ɗaya daga cikin sana'o'in da matashi ke iya farawa da ƙaramin jari: talabijin, na'urar PlayStation ta hannu, benci da 'yar inuwa. Daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari, yara kan biya 'yan kuɗi su buga ƙwallo a allo, samari kuma su yi gasa idan sun taso daga fada.

Ga mai ɗan sanin lantarki akwai wata hanyar, wato ya haɗa akwatin gem da kansa, irin dogayen akwatunan nan da ake wasa da su a tsaye. Kafinta ya yanka katako, a samo tsohon allon kwamfuta, sifika, sandar sarrafa wasa da maɓallai masu launi, sannan a ɓoye ƙaramar kwamfuta a ciki.

Sai dai bayan an gama fenti an ɗaura komai, wata matsala kan ɓullo. Allo da makunninsa, sifika da nata, fitilar saman akwati da nata, kwamfutar ma haka. Duk safiya sai an buɗe bayan akwati an bi su ɗaya bayan ɗaya. Da dare kuwa, yaron da aka bari a shago ba zai tsaya wannan wahala ba, zare waya zai yi daga bango ya kulle ƙofa. Daga nan asara ke farawa.

Abin da ya sa zare waya ke da haɗari

Akwatunan asali ba su san wannan damuwa ba. Wasanni irin su Space Invaders na kamfanin Taito da ya fito a 1978, da Pac-Man na Namco a 1980, da Street Fighter II na Capcom a 1991, an dasa su ne a cikin ƙwayoyin lantarki waɗanda na'ura ke karantawa kawai, ba ta rubutu a kansu. Mai shago a Tokyo ko a Amurka kan kashe makunni ɗaya, gobe ya kunna, wasa ya tashi lafiya.

Akwatin haɗin gida kuwa kwamfuta ce sanye da rigar katako. Tun 1997, lokacin da wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar da manhajar MAME, kwamfuta ke iya kwaikwayon tsofaffin na'urorin. Amma ita kwamfuta a kullum tana cikin rubutu: tana adana makin 'yan wasa, da saituna, da bayanan aikinta. Idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa. Wani lokaci ba a ganin komai sai bayan an maimaita sau da yawa, ranar nan a kunna allo ya tsaya baƙi, katin memori ya ƙi tashi, aikin makonni ya tafi.

Don haka abin da ake nema shi ne maɓalli ɗaya a jikin akwati wanda in an danna shi zai gaya wa kwamfuta ta rufe ayyukanta a tsanake, sannan sauran kayan su mutu a bayanta. In an sake dannawa, komai ya tashi tare.

Waya biyu da layi ɗaya

Da yawa daga cikin masu irin wannan haɗi suna amfani da Raspberry Pi, 'yar kwamfutar da ba ta wuce girman katin banki ba, wadda aka fara sayarwa a Birtaniya a watan Fabrairun 2012 kan dala 35 na Amurka. A kanta ake ɗora manhajoji na kyauta irin su RetroPie, Batocera ko Recalbox, wadda 'yan Faransa suka ƙirƙira, kuma tana da sauƙi ga wanda ya yi boko da Faransanci.

Fiye da shekara goma wannan kwamfuta tana fitowa ba tare da makunni ba. Sai a Raspberry Pi 5, da ta shiga kasuwa a watan Oktoban 2023, aka sa mata nata, tare da ramuka biyu da za a iya jona maɓalli na waje.

Ga tsofaffin samfura irin su 3 da 4, dabarar ba ta da tsada. A jikin allon akwai jerin allurai 40. Ana ɗaukar maɓallin da ke komawa da kansa idan an sake shi, irin na ƙararrawar ƙofa, a jona wayarsa ɗaya a allura ta 5, ɗayar a ta 6. Sannan a buɗe fayil ɗin config.txt a ƙara layi ɗaya: dtoverlay=gpio-shutdown. Daga nan danna maɓallin zai sa kwamfutar ta kashe kanta yadda ya kamata, kuma haɗuwar waɗannan allurai biyu ita ce ke tayar da ita daga barci. Batocera da Recalbox suna da nasu wurin saitin da ke yin wannan aiki.

Idan kuma tsohuwar kwamfutar tebur aka sa a ciki, aikin ya fi sauƙi. Makunnin gabanta waya biyu ne kawai da ke zuwa babban allo. Sai a tsawaita su zuwa maɓallin da ke jikin akwati, a saita manhaja ta ɗauki danna ɗaya a matsayin umarnin rufewa. Abin da za a koya wa mai tsaron shago shi ne ya danna ya saki. Riƙe maɓallin na kusan daƙiƙa huɗu yana yanke wuta ne da ƙarfi, kuma bambancinsa da zare waya kaɗan ne.

Allo, sifika da fitila

Kashe kwamfuta rabin aiki ne, domin sauran kayan za su kwana suna shan wuta. Nan ake buƙatar rile, wani ɗan makunni da ƙaramar wuta ke juyawa domin ya buɗe ko ya rufe hanyar babbar wuta. Ana jona allo da sifika da fitila a soket ɗaya mai baki da yawa, a bi da wayarsa ta cikin rile, kwamfuta kuma ta riƙa ba shi umarni.

A kwamfutar tebur, ana ɗaukar wutar da za ta juya rile daga wayoyin akwatin wutarta, ruwan ɗorawa mai bolt 12 ko ja mai bolt 5, domin suna mutuwa da zarar ta mutu. Bakin USB ba abin dogaro ba ne, saboda a kwamfutoci da yawa yana riƙe da wuta ko bayan an kashe. A Raspberry Pi ma alluran bolt 5 ba sa mutuwa, don haka dole a zaɓi allurar da manhaja ke kunnawa tana kashewa.

Akwai soket na musamman da ke lura da na'ura ɗaya, in ta daina jan wuta ya yanke wa sauran. Yana aiki da kwamfutar tebur, amma Raspberry Pi ba ta jan wutar kirki, sau da yawa soket ɗin ba ya gane ko tana kunne.

A nan ne kuma ganganci ke iya jawo asarar rai. Wutar gida a Nijar bolt 220 ce. Maɓallin da yara za su taɓa ƙaramar wuta kaɗai ya kamata ta bi ta cikinsa. Rile da duk mahaɗar babbar wuta su kasance cikin rufaffen akwatin roba, da fiyus. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa tana riƙe wuta mai ƙarfi a cikinta ko bayan an zare ta, saboda haka buɗe ta aikin mai gyara ne.

Ranar da ba a jira maɓalli ba

Duk wannan tsari yana aiki ne idan mutum ne ya yanke shawarar kashewa. A Damagaram, sau da yawa ɗaukewar wuta ce ke riga shi. Yankin Zinder da Maraɗi yana samun kaso mai yawa na lantarkinsa ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa, kamfanin Nigelec kuma ya rarraba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya, wadda a lokacin take bai wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take amfani da ita, ta katse layin a farkon Agusta, kuma kungiyar ECOWAS ba ta ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024. Ko a lokacin da babu rikici, watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, lokaci ne na yawan ɗauke wuta.

Wannan ya sa shawarar da ta yi wa mai akwati a Turai daidai ba lalle ta yi wa na Zango ba. A can, da yawa suna saita kwamfuta ta tashi da kanta da zarar wuta ta shigo. Inda wuta ke dawowa da ƙarfi, ta sake ɗaukewa bayan minti biyu, wannan saiti yana sa na'ura ta yi ta tashi tana faɗuwa ba kowa a kusa. Gara ta jira sai an danna.

Rigakafin iri uku ne. Na farko, batir. Raspberry Pi 4 bolt 5 take buƙata da amfiya 3, don haka batirin sola mai bolt 12 da ɗan abin rage ƙarfin wuta sun ishe ta, ga kuma talabijin masu aiki da bolt 12 a kasuwa. Na biyu, a kulle katin memori ya zama na karantawa kawai, kamar na akwatunan da. Manhajar Raspberry Pi tana da wannan zaɓi, sai dai makin da zakaran unguwa ya kafa zai goge idan an kashe. Na uku, a kwafi katin gaba ɗaya a wani katin, a ajiye a gida. Ranar da na ciki ya lalace, sauyawa ba ta wuce minti biyar.

Ƙura ma tana da nata rabon. Iskar hunturu kan cusa ƙasa cikin maɓalli har ya riƙa ƙin amsawa, akwatin katako da ba shi da tagar iska kuma yana dafa abin da ke cikinsa a lokacin bazara. Ƙaramar fanka da ƙyallen tace ƙura suna tsawaita ran kaya.

Gadon ƙira da neman abin yi

Haɗa na'ura da hannu ba baƙon abu ba ne a wannan gari. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, maƙeran Damagaram sun zuba igwa a cikin birnin, wanda daga baya ya zama hedikwatar mulkin mallaka ta Nijar har zuwa 1926. Yau ga masu gyaran waya da rediyo a kewayen Kasuwar Dole, ga ɗaliban fasaha a Jami'ar André Salifou.

Ga kuma matasa masu yawa da ke neman abin yi, kamar yadda fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna a unguwar Kara-Kara. Akwatin gem ɗaya ba zai magance zaman kashe wando ba, amma wanda ya iya jona rile ba tare da ya ƙona allo ba ya kama hanyar gyaran sola, famfon burtsatse da na'urar cajin waya.

Ga ɗan uwan da ke Agadas, Legas, Aljeriya ko Faransa da ke shirin aiko wa ƙaninsa kayan haɗi, kwamfutar kaɗai ba ta wadatar ba. Ya haɗo da cajarta ta asali, da katin memori biyu masu inganci, da rile, da maɓalli guda na daban. Shi kuma mai haɗawa ya dasa maɓallin a sama ko a bayan akwati, inda gwiwar hannun ɗan wasan da aka ci ba za ta kai ba.