Bayan An Watse Daga Zaman Makoki: Masu Sa-kai da Iyalan Ma'aikatan da Suka Rasu a Bakin Aiki

Mutuwar ma'aikaci a bakin aikinsa ta bambanta da wadda ke zuwa bayan doguwar jinya, domin mutum ne ya fita da safe lafiya ƙalau aka dawo da gawarsa, kuma iyalinsa, ban da zafin rashi, sukan wayi gari da tambayoyin da ba su san wanda zai amsa musu ba, wato yadda abin ya faru da kuma wanda ya yi sakaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke rasuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu, mafi yawansu ta hanyar cututtukan da suka kwasa a wurin sana'a, sauran kuwa, kimanin 330,000, ta hanyar haɗari na farat ɗaya, kamar faɗowa daga bene ko ruftawar rami ko fashewar na'ura.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne cewa wahalar irin waɗannan iyalai takan tsananta ne bayan 'yan ta'aziyya sun watse, a lokacin da hukumar binciken haɗari ta fara aikinta, kamfani ya ɗauki lauyoyi, ofishin biyan diyya kuma ya buƙaci takardu iri-iri, alhali matar mamaci ko mahaifinsa ba su taɓa shiga irin waɗannan ofisoshi ba. Binciken kan ɗauki watanni, shari'a kuwa takan kai shekaru, kuma duk zaman da aka yi sai ya fama musu miki. A wannan tsakani ne aikin masu sa-kai, wato mutanen da ke ba da lokacinsu ba don a biya su ba, ya fi amfani, kuma Kanada na cikin ƙasashen da suka tsara wannan aiki yadda za a iya koyi da shi.

A ƙasar ce ƙungiyoyin ƙwadago suka fara keɓe 28 ga Afrilu domin tunawa da ma'aikatan da suka rasu ko suka ji rauni a bakin aiki, majalisar ƙasar ta ba ranar matsayin doka a 1991, sannan tun daga 2003 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta mayar da ita ranar lafiya da kariyar ma'aikata ta duniya. Shekara guda bayan waccan doka, a ranar 9 ga Mayu, 1992, iskar gas da ƙurar kwal suka fashe a mahaƙar Westray da ke lardin Nova Scotia, inda mahaƙa 26 suka hallaka, 11 daga cikinsu har yau ba a fito da gawarwakinsu ba. Kwamitin bincike ya kammala a 1997 cewa bala'i ne da aka hango zuwansa kuma da an so da an hana shi, amma duk da haka aka jingine tuhumar da ake yi wa manajojin mahaƙar ba tare da an hukunta kowa ba. Iyalan mamatan da ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ba su haƙura ba, suka yi ta matsa wa majalisa har aka gyara dokar manyan laifuka a 2004, ta yadda za a iya tuhumar kamfani da shugabanninsa idan sakacinsu ya jawo asarar rai.

Ana dab da wannan gyara ne, a 2003, aka kafa ƙungiyar Threads of Life, wadda ma'anar sunanta ita ce zaren rayuwa, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Shirley Hickman, wadda ɗanta ya rasu a 1996 bayan wata fashewa a filin wasan da yake aiki a lardin Ontario. Ginshiƙin aikin ƙungiyar shi ne abin da take kira jagoran iyali, wato mutumin da shi ma ya rasa nasa a bakin aiki, aka ba shi horo, sannan aka haɗa shi da iyalin da rashi ya same su, kuma ana ƙoƙari rashin nasu ya yi kama da juna, uwa da uwa, matar mamaci da matar mamaci. Jagoran ba lauya ba ne, ba kuma likitan ƙwaƙwalwa ba, don haka ba ya yanke wa kowa shawarar shari'a. Abin da yake yi shi ne saurare, da bayyana wa iyali matakin da ke tafe da irin tsawon lokacin da zai iya ɗauka, da nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Hikimar wannan tsari a fili take, domin jiki magayi, kuma kalmar haƙuri daga bakin wanda ya sha irin wannan ɗaci ta fi shiga zuciya. Ƙungiyar tana kuma shirya taron iyalai, tana horar da waɗanda suka yarda su ba da labarin mamatansu a makarantu da masana'antu, kuma duk shekara, a watan Afrilu ko Mayu, tana yin tattakin kilomita 5 a garuruwa da dama domin tara kuɗin gudanar da ayyukanta.

Sai dai rarrashi kaɗai bai wadatar ba, kuma akwai haɗarin kamfani ya ba da gudummawa ga taron tunawa da mamata alhali bai gyara injin da ya kashe mutum ba. Wannan ne ya sa wasu iyalai suka bi hanyar gwagwarmaya, kamar waɗanda suka haɗu a Birtaniya a 2006 da sunan Families Against Corporate Killers, shekara guda kafin ƙasar ta kafa dokar da ta ba da damar kama kamfani da laifin kisa ta hanyar sakaci. Hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne, tun da iyalin da aka riƙe wa hannu a farkon rashi shi ne zai iya tsayawa gaban hukuma daga baya.

A ƙasar Hausa ba a bar mai rashi shi kaɗai, domin maƙwabta sukan kawo abinci, dangi su zauna makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matar mamaci kuma ta yi takabar wata huɗu da kwana goma a tsakiyar 'yan uwanta. Inda aka yi rauni shi ne wajen takardu. Nijeriya tana da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, domin a riƙa biyan iyalan wanda ya rasu a bakin aiki, sannan dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wuraren aikin da ta shafa yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su taɓa jin waɗannan haƙƙoƙi ba, wasu kuma sukan ji nauyin nema saboda gudun a ce ba su yarda da ƙaddara ba, alhali shari'ar Musulunci da kanta ta tanadi diyya ko a kisan kuskure, kuma dukiyar marayu amana ce da ba ta halatta a yi wasa da ita ba. Lebura da magini da mahaƙin ma'adinai, waɗanda galibi ba su da takardar ɗaukar aiki, sun fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin sau da yawa abin da iyalinsu ke samu bai wuce kuɗin likkafani da buhun hatsi daga maigidan aiki ba.

Tsohon ma'aikacin da ya san ofis, da malamin makaranta, da 'yan ƙungiyar ƙwadago, da kwamitin masallaci ko na coci, duk suna iya cike wannan giɓi ta hanyar raka iyali su karɓi takardar shaidar mutuwa daga asibiti, da rahoton 'yan sanda, da takardar gado daga kotu, su kuma rubuta sunayen waɗanda suka ga haɗarin tun kafin su watse. Wanda ya yi niyyar taimakawa kada ya jinkirta, domin dokar 2010 ta ba da wa'adin shekara guda ne daga ranar rasuwa a shigar da takardar neman diyya.