Tsuntsun Roba a Ƙofar Gidan Ba'amurke

A yawancin unguwannin bayan gari na Amurka gidaje ba su da katanga. Abin da ke gaban gida filin ciyawa ne da ake askewa a kai a kai, kuma a nan mai gida ke nuna wa maƙwabta ko shi wane ne. Wani ya shuka furanni, wani kuwa ya kafa tsuntsun roba ruwan hoda, mai dogon wuya kamar zalɓe, ƙafafunsa siraran ƙarafa ne soke a ƙasa. Filamingo ke nan.

Wani matashi mai suna Don Featherstone ne ya ƙera shi a 1957, a kamfanin Union Products da ke garin Leominster na jihar Masacusets. Bai sami mai rai da zai kwaikwaya ba, sai ya dubi hotunan mujalla. Bibbiyu ake sayar da su, ɗaya ya miƙe wuya, ɗaya ya sunkuya kamar yana kiwo. Ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda gidajensu duk zubi ɗaya ne, suka yi ta saye, don araha ne kuma yana tuna musu Fulorida, jihar rana da hutu.

Masu hannu da shuni suka ce wannan ƙauyanci ne. Har yau akwai ƙungiyoyin masu gidaje da ke hana kafa irin wannan ado. To amma Ba'amurke, in ka ce abinsa muni gare shi, sai ya ƙara riƙe shi, yana dariya. A 1979 ɗaliban Jami'ar Wiskonsin suka jera guda 1,008 a kan ciyawar makarantarsu, a 2009 kuma majalisar birnin Madison, inda jami'ar take, ta naɗa tsuntsun roban a matsayin tsuntsun birni. Yanzu da wuya a gane wanda ya kafa shi don yana sonsa da wanda ya kafa don tsokana. Ni a ganina da yawansu su ma ba su rarrabe ba.

Makarantu da coci-coci ma sun mai da shi hanyar tara kuɗi. Da dare sai a je a cika wa mutum ƙofar gida da tsuntsayen. Gari na wayewa ya biya a kwashe, in kuma yana da abokin wasa, ya ƙara 'yan daloli a kai wa wancan.